FASHIN BAƘI: Wace inshora ta dace da motar gida idan matashi ya fara tuƙi?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da Rundunar 'Yansandan Najeriya ƙarƙashin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ta fara tilasta wa masu ababen hawa mallakar inshorar ɓangare na uku, takardar inshora ta shiga sahun farko na abubuwan da ake tambaya a shingayen hanya. Akasarin masu mota kuwa sun ɗauke ta a matsayin takardar wucewa kawai: a saya, a ninke, a jefa cikin aljihun mota har sai jami'i ya nema.

Wannan fahimta tana iya tafiya shekaru ba ta cutar da kowa ba. Ranar da take fara zama haɗari ita ce ranar da magidanci ya miƙa wa ɗansa ko 'yarsa makullin mota, domin kai ƙanne makaranta, ko zuwa jami'a, ko aiken kasuwa. Daga ranar, wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa a gidan ne ke riƙe da kadara mafi tsada bayan gidan kansa, kuma duk ɓarnar da ta auku a hanya, ƙofar maigidan za a ƙwanƙwasa.

Tambayar da iyalai ke yi ita ce wace inshora za a saya. Sai dai kafin a kai ga zaɓin, akwai sharuɗɗa uku da idan ɗaya ya faɗi, kowace irin takarda aka riƙe ba za ta biya ko sisi ba: lasisin direban, sahihancin takardar, da kuma irin aikin da ake yi da motar.

Dalilin da ya sa shekarun direba ke da muhimmanci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke da mafi girman kason mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a haɗurra a 2024, sama da 5,081 da aka samu a 2023.

A Amurka, inda ake tattara alƙaluma bisa shekarun direba, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar ta nuna cewa direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun kusan ninka waɗanda suka kai 20 sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ke yi. Dalilan sanannu ne: rashin iya hango haɗari tun daga nesa, gudu, tuƙin dare, latsa waya, da kuma ɗaukar abokai, waɗanda hirarsu da zugarsu ke ɗauke hankalin direba.

Saboda haka ne a Amurka da Birtaniya kuɗin inshora ke tashi sosai da zarar an ƙara sunan matashi a takarda. A Birtaniya ma, idan uba ya rubuta kansa a matsayin babban direban motar da ɗansa ne ke hawa kullum, domin ya samu rahusa, doka na kallon hakan a matsayin zamba.

Tsarin Najeriya ya sha bamban. Farashin inshorar dole an ƙayyade shi ne bisa nau'in abin hawa, ba bisa shekarun mai tuƙi ba. Dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi da yaron da ya karɓi lasisi makon jiya, kuɗi ɗaya ake biya wa motarsu. Wannan sauƙi ne ga aljihu, amma yana da illa: babu wani lokaci da tsarin ke tilasta wa iyali su tsaya su yi lissafin cewa haɗarinsu ya ƙaru.

Sharaɗi na farko: lasisi

Doka a Najeriya ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya tuƙa mota a kan titi. Wanda ya kai, sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya yi gwaji a wajen jami'an duba ababen hawa, VIO, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa kafin a ba shi lasisi. Mai koyo kuwa yana buƙatar takardar izinin koyo, da jan harafin L a gaba da bayan mota, da kuma mai lasisi a gefensa.

A biranen Arewa irin su Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, ba baƙon abu ba ne a ga yaro ɗan shekara 15 ko 16 a kan sitiyari, musamman a ranakun Sallah da bukukuwan aure, inda wasan mota ya daɗe yana jawo asarar rayuka. Wasu iyayen ma kan ɗauki iya tuƙin yaro da wuri a matsayin abin alfahari. Tarar da hukuma ke yankawa kan wannan laifi 'yan dubban naira ce, abin da bai isa ya tsorata mai mota ba.

Babbar tarar tana cikin takardar inshora. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana bayyana waɗanda aka yarda su tuƙa: mai inshorar, da duk wanda ya tuƙa da izininsa, muddin yana da lasisin da doka ta amince da shi. Yaron da bai kai 18 ba ba zai taɓa cika wannan sharaɗi ba. Haka ma ɗan shekara 19 da lasisinsa na bogi ne, irin wanda ake karɓa ta hannun 'yan cuwa-cuwa ba tare da an je ɗaukar hoto ba. Idan haɗari ya faru, kamfani na da hujjar ƙin gyara motar, kuma ko a inda doka ta tilasta masa biyan wanda aka raunata, yana iya dawowa ya nemi kuɗinsa daga mai motar.

Ma'ana, ga yaron da bai kai shekarun tuƙi ba, babu wata inshora da za a zaɓa. Abin da ya rage shi ne a hana shi makulli.

Sharaɗi na biyu: takarda ta gaskiya

Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya, NIA, ta sha kokawa cewa cikin ababen hawa kimanin miliyan 12 da ke ƙasar, kusan miliyan uku ne kacal ke da inshora ta gaskiya. Sauran ko dai ba su da ita sam, ko suna yawo da jabu ba tare da sun sani ba.

Hanyar da jabun ke shiga hannun jama'a ɗaya ce a kusan ko'ina. Mai mota ya ba wa wani dillali a bakin ofishin lasisi kuɗi dunƙule domin ya sabunta masa takardu, dillalin ya dawo da tarin takardu, cikinsu har da wadda ke ɗauke da sunan wani kamfani da tambari mai kyau. Kuɗin bai taɓa isa wani kamfanin inshora ba. Ƙa'idar harkar kuwa a fili take: inda ba a biya kuɗi ba, babu kariya.

Tantancewa ba ta cin minti biyu. Akwai rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, inda ake shigar da lambar mota a shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a waya. Idan motar ba ta fito ba, takardar da ke cikinta ba ta da amfani a ranar haɗari. Wata alamar kuma ita ce farashi: duk wanda ya sayar da inshorar ƙaramar mota a ƙasa da naira 15,000, akwai lauje cikin naɗi.

Sharaɗi na uku: aikin da motar ke yi

Inshorar motar gida an yi ta ne domin zirga-zirgar iyali da harkokin mai ita. Ba ta haɗa da ɗaukar fasinja domin kuɗi ba, kuma ba ta haɗa da tsere ko gwajin gudu ba.

Wannan sharaɗi ya ƙara nauyi a yanayin tsadar rayuwar da ake ciki. Ɗalibi na iya ɗaukar motar gida ya ɗan taɓa kabu-kabu da yamma, ko ya yi rajista da manhajojin haya irin su Bolt da Uber, domin ya samu na mai. Idan haɗari ya same shi da fasinjan kuɗi a ciki, takardar motar gida ba ta rufe wannan tafiya ba. Iyalin da suka amince ɗansu ya yi wannan sana'a, sai su sanar da kamfani a canja takardar zuwa ta kasuwanci. Wasan mota a wajen biki kuwa babu takardar da ke ɗaukar nauyinsa.

Zaɓi uku da ke kasuwa

Idan sharuɗɗan nan sun cika, sai a zo ga zaɓi.

Na farko shi ne inshorar ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945 ta zamanin mulkin mallaka. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda motar ta yi wa ɓarna. A ƙarshen 2022, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, daga 1 ga Janairun 2023. A lokaci guda ta ɗaga iyakar abin da za a biya kan dukiyar wani daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Takardar kuma tana ɗaukar diyyar rauni ko rasa ran wanda aka buge. Abin da ba ta biya shi ne gyaran motar mai inshorar da kuma jinyar direbansa.

Na biyu shi ne wadda ta haɗa ɓangare na uku da gobara da sata. Tana biya idan motar ta ƙone ko aka sace ta, amma ba ta gyara ta idan direba ya daki bango. Ga gidan da damuwarsa sabon direba ce, wannan ƙari bai taɓo ainihin matsalar ba, domin abin da ake tsoro daga matashi karo ne.

Na uku ita ce cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar duk na baya, sannan ta gyara motar gidan ko da direbanta ne ke da laifi. NAICOM ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, bayan an cire duk wani rangwame. Alal misali, motar da darajarta ta kai naira miliyan takwas za ta ci aƙalla naira 400,000 a shekara.

Tazarar da ke tsakanin 15,000 da 400,000 ita ce ke sa akasarin iyalai tsayawa a zaɓin farko. Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: idan motar nan ta lalace gobe, gidan zai iya sayen wata ko gyara ta ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ko jarin kasuwa ba? Idan tsohuwar mota ce mai arha wadda za a iya jure asararta, inshorar ɓangare na uku na iya wadatarwa. Idan kuwa ita kaɗai ce motar gidan, ko bashi aka ci aka saye ta, to shekara biyu na farkon tuƙin matashi su ne lokacin da cikakkiyar inshora ta fi cancantar kuɗinta.

Gibin da ke cikin miliyan uku

Akwai wani rami da ko masu takarda ta gaskiya ba su cika lura da shi ba. An yanke iyakar naira miliyan uku ne kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Tun daga lokacin, farashin motoci da kayan gyaransu ya yi tashin gwauron zabi. Sabon direban da ya afka wa babbar mota ta zamani a Abuja ko Kano, ko ya haddasa karon motoci uku a mahaɗa, yana iya jawo ɓarnar da ta zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Kamfani zai biya nasa miliyan ukun, ragowar kuma tana wuyan mai mota.

Kamfanoni na sayar da ƙarin iyaka kan dukiyar ɓangare na uku, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na cikakkiyar inshora ba. Ga iyalin da ba za su iya biyan kashi 5 cikin 100 ba, wannan ne matsakaicin zaɓi mafi ma'ana: a jure asarar motar gida idan ta zo, amma a kare kai daga bashin motar wani.

Faɗuwar naira ta shafi masu cikakkiyar inshora su ma. Kamfani ba ya biyan fiye da darajar da aka rubuta a takarda. Wanda ya rubuta farashin da ya sayi motarsa shekara huɗu da suka wuce, domin ya rage kuɗin da zai biya, zai tarar abin da za a ba shi bai isa sayen irinta ba a yau.

Tambayoyin da za a yi wa kamfani

Kafin a biya, akwai abubuwan da ya kamata a nemi amsarsu a rubuce.

Shin takardar ta amince da kowane direba mai lasisi ne, ko sai waɗanda aka rubuta sunayensu? Idan ta biyun ce, dole a ƙara sunan matashin. Ko da ta farkon ce, sanar da kamfani cewa sabon direba zai riƙa hawa motar a kai a kai shi ne mafi aminci, domin yarjejeniyar inshora ta ginu ne a kan faɗin gaskiya, kuma ɓoye muhimmin bayani hujja ce ta ƙin biya.

Nawa ne kason mai mota? A cikakkiyar inshora akwai wani adadi da mai mota ke fara ɗauka daga aljihunsa kafin kamfani ya biya sauran. Yawancin takardu na ƙara wannan kaso idan matashi ne ko sabon mai lasisi ke tuƙi a lokacin haɗarin. Shekarun da ake ɗauka a matsayin ƙuruciya da kuma adadin ƙarin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Me takardar ta tanada wa direba da waɗanda ke cikin motar? Matashi ba ya cika tafiya shi kaɗai: ƙanne ne a baya, ko abokai. Ana iya ƙara kariyar jinya da ta haɗarin jiki ga direba da fasinjoji, kuma ya kamata a san iyakarta.

Cikin kwana nawa ake son a kai rahoton haɗari, kuma waɗanne takardu ake buƙata? Galibi ana neman rahoton 'yansanda, da hotunan wurin, da kwafin lasisin direba, da ƙiyasin kuɗin gyara. Ana kuma gindaya cewa kada mai inshora ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da sanin kamfani ba. Wannan ya ci karo da al'adar sulhun bakin titi, inda manya ke taruwa a yanke magana nan take. Matashin da ya firgita bayan karo yana buƙatar ya san wanda zai fara kira, kuma lambar kamfanin ta kasance a cikin motar.

Batun addini da takaful

Wani ɓangare na ƙauracewa inshora a Arewa ya samo asali ne daga fatawar malamai da dama cewa inshorar gargajiya ta ƙunshi riba da rashin tabbas da kuma kama da caca. Wannan damuwa tana da amsa a kasuwa. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma a yau akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke aiki da lasisinta.

A tsarin takaful, mahalarta na zuba gudunmawa a asusun taimakon juna, a biya wanda asara ta sama daga ciki, kamfani ya karɓi ladan gudanarwa, sannan idan an samu rara a raba wa waɗanda suka cancanta. Takardarsa ta mota tana cika sharaɗin doka kamar kowace. Sharuɗɗan lasisi da na faɗin gaskiya kuwa suna nan daram, babu sassauci.

Batun yana da nauyi musamman a al'ummar da ta san hukuncin diyya. Idan aka rasa rai a haɗari, iyalin mamaci na iya yafewa, kuma sau da yawa suna yafewa. Amma yafiya kyauta ce daga gare su. Marayun da aka bari da kuɗin asibitin wanda ya karye suna nan ko an yafe ko ba a yafe ba, kuma domin su aka wajabta inshorar ɓangare na uku tun farko.

Inda alhakin hukuma yake

Lokacin da aka fara tilastawa a 2025, hukuncin da aka riƙa ambato shi ne na Dokar Inshora ta 2003: tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. A cikin shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

Sai dai tilasta saye rabin aiki ne. Muddin ana sayar da jabu a harabar ofisoshin lasisi, muddin ana samun lasisin tuƙi ba tare da gwaji ba, kuma muddin wanda aka buge a hanya bai san yana da haƙƙi a kan kamfanin inshorar motar da ta buge shi ba, naira 15,000 za ta ci gaba da zama tamkar haraji a idon jama'a. NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi kan kamfanin da ya ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba, amma kaɗan ne daga masu mota suka san da shi. Tambayar da ta kamata a riƙa yi wa hukumar da kamfanonin ita ce nawa aka tara daga wannan inshora ta dole tun 2023, nawa kuma aka biya waɗanda haɗari ya rutsa da su.

Kafin a samu wannan amsa, abin da ke hannun iyali a bayyane yake. A jira yaro ya cika 18, ya bi ta makarantar tuƙi, ya karɓi lasisinsa da kansa. A sayi takarda kai tsaye daga kamfani ko dillali mai rajista, a tantance ta a NIID. A sanar da kamfani sabon direban, a ɗaga iyakar miliyan uku idan da hali, a ɗauki cikakkiya idan motar ba ta asara ba ce. Sannan a gindaya dokokin gida na watannin farko: ba tuƙin dare, ba cika mota da abokai, ba waya a hannu, kuma kowa ya ɗaura bel. Waɗannan na ƙarshe ba sa cin ko kwabo, kuma su ne kaɗai ke rage yiwuwar haɗarin kansa.